Korar Dell Havlik Ta Biyar

Sau huɗu ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Guduma da ke Omaha tana korar Dell Havlik, kuma duk huɗun sai da ya zauna ya cika cikinsa a ɗakin cin abincin ƙungiyar kafin ya kama hanyar gida. Ta biyar ɗin ce ta zo da magana.

Dell shi ne mai goho. Sunan aikin ke nan a bakin 'yan wasa, ko da yake a takarda an ba shi wani suna mai mutunci. Idan aka zo bugun ƙwallo da ƙafa, shi zai sunkuya, kai a ƙasa ɗuwawu a sama, ya cilla ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa zuwa hannun wanda ke tsaye can baya. Iyakar aikin ke nan. Ba ya gudu da ƙwallo, ba ya cin maki, ba a manna hotonsa a jikin motar bas. Shekara goma sha huɗu yana wannan gohon, ƙwallonsa bai taɓa kaucewa ba, kuma zai gaya maka haka ko ba ka tambaye shi ba. Rabin mutanen garin nan kuwa ba su san sunansa ba, domin mai goho sai ranar da ya yi ɓarna ake tambayar wane ne.

Korar kuma dabara ce irin ta masu ofis. Doka ta ce ƙungiya ba ta wuce mutum hamsin da uku. To idan manaja yana son gurbi na ɗan lokaci, don ya shigo da wani ya gyara masa takardu, sai ya sami tsohon ɗan wasa mai amana ya ce masa, je ka gida ka huta, jibi ka dawo mu sake sa hannu. Tsohon hannu in aka sallame shi ba mai iko da shi, inda ya ga dama nan zai je. Dell kuwa ba inda zai je. A unguwar kudu aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan mahaifinsa yake.

Bana kakar wasan ta yi wa Guduma kyau fiye da yadda kowa ya zata. An kai tsakiya sun ci shida an ci su uku, abin da rabon garin da ganinsa tun yaran da ke jami'a yanzu suna rarrafe. Ko'ina ka shiga maganar ke nan, a wurin aski, a coci, a layin sayen naman gashi. Mutanen da bara suka rantse sun bar kallon ƙwallo duk sun zaro tsofaffin rigunansu. Sai dai masu tsaron baya sun yi ta faɗuwa, wannan gwiwa, wancan kafaɗa. Manaja Lindqvist ya yi ta ciniki har ranar da kasuwar 'yan wasa ta rufe, ya samo mutum biyu, ya rasa inda zai cusa na biyun. Makon kuma na hutu ne, babu wasa, ba mai bukatar goho.

"Dell, na sake korar ka," in ji Lindqvist, ko kai bai ɗaga daga kan tebur ba.

"Madalla, Oga. Yau me aka dafa?"

"Haƙarƙari, na ji an ce."

"To a kore ni da kyau."

Ya sa hannu, ya je ya ci haƙarƙari har ya ƙara, ya bar takalmansa da hular kwanonsa inda suke, ya tafi gida sharar ganye.

Yana cikin sharar ne motar Lindqvist ta tsaya a ƙofar gida. Mutumin da bai taɓa taka unguwar ba. Ya fito ba riga mai kauri, ga sanyi, ya tsaya yana murza makullin mota. Nan take Dell ya sha jinin jikinsa.

"Na yi kwaɓa," in ji Lindqvist.

"Wace iri?"

"Kasuwa ta riga ta rufe, Dell. Bayan ta rufe doka canzawa take. Duk wanda aka sallama, yaro ko tsoho, sai an baje shi yini guda a gaban sauran ƙungiyoyi. Wadda ta ɗaga hannu ta ɗauke shi. Na ƙasan teburin gasa su ke fara zaɓe."

"Ai na san dokar." Dell ya jingine tsintsiyar a hankali. Ya san ta kuwa, kowa ya san ta. Abin da ya sa bai tuna ba shi ne abin da ya sa Lindqvist bai tuna ba: duk korar baya a farkon kaka aka yi ta, hannunsu ya saba. "To ka janye takardar mana."

"Ta riga ta tafi."

"Oga, wa zai so mai goho ɗan shekara talatin da bakwai?"

Lindqvist ya kalli ganyen da ke ƙasa. "Spokane."

Spokane su ne can ƙarshen tebur, ƙungiyar da ko 'yan garinsu sun daina yi mata addu'a. Mai gohonsu kuma, wani sakarai, ya yanke babban yatsansa yana fafe kabewa don bikin yara. Suna neman wani ido rufe. Zuwa gobe da yamma za a san ko sun ɗaga hannu. In sun ɗaga, abu biyu ne: ko Dell ya haɗa jaka ya tafi can ƙarshen ƙasa, ko ya ajiye ƙwallo gaba ɗaya, a shekarar da Guduma ta fara jin ƙamshin wasannin ƙarshe.

Tafiyar ce ba ta yiwuwa, saboda mahaifinsa, Baba Otto. Tsohon ya yi rayuwarsa yana aiki a mayankar shanu, yanzu yana zaune a ɗakin da ke jikin kicin, kuma tunaninsa ya fara zubewa. Wata rana garau, wata rana ya tambayi Renata, matar Dell, ko ita ce sabuwar mai kawo wasiƙa. Ba ya yarda kowa ya yi masa aski sai Dell. Bara da aka kai shi biki wani gari, ya farka a otal ya zauna bakin gado yana kuka, ya ɗauka jefar da shi aka yi. Ba a ɗaga irin wannan tsohon daga titin da ya sani. In kuma Dell ya tafi shi kaɗai ya yi wata biyu, tsoronsa shi ne ya dawo ya tarar uban bai gane shi ba. Wannan tsoron ya daɗe yana cin sa, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Renata ta ji labarin tana tsaye da cokali a hannu. Ta dubi Lindqvist sama da ƙasa.

"Yallaɓai, za ka sha kofi, ko za ka tafi tun ban ajiye cokalin nan na ɗauki wani abu ba?"

Ya tafi.

Ba a jima ba sai ga Quentin Thibodeaux ya faɗo gidan ba sallama, kamar kullum. Shi ne mai bugun ƙwallo sama, shi ke karɓar abin da Dell ya cilla, dogo siriri ɗan Louisiana wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Tsoho, na ji an baje ka a faranti." Ya ja kujera, ya jawo kwanon kolace, burodi mai zaƙi da Renata ta gasa. "Ni ba zan yarda ba. Shekara takwas ina kallon bayanka, na fi sanin ɗuwawunka a kan fuskarka. Yanzu a kawo min na wani baƙo in fara karatu daga farko?"

"To me za mu yi? Doka ce."

"Doka ta ce su zaɓa. Ba ta ce mu yaba kayan ba." Ya lashe yatsa. "Kushe ka za mu yi, mutumina. Zuwa gobe ko kyauta aka ba Spokane kai, su ce a kai kasuwa."

Renata ta fi kowa saurin karɓar shawarar, har abin ya ɗan ba Dell haushi. Ashe tana da hotuna ajiye a waya. Ga shi yana barci a kujera baki buɗe, riga ta ɗage, tumbi a waje, faranti a kan tumbin. Ga shi yana ƙoƙarin ɗaura igiyar takalmi fuska ta yi jawur.

"Yaushe kika ɗauki wannan?"

"Maigida, ina da na shekara goma. Zaɓa kawai nake."

Quentin ya watsa na tumbin, ya rubuta a ƙasa cewa tsohonmu ya gaji, Allah ya ba shi hutu. Sannan ya ce hoto kaɗai ba ya isa, sai an ga ƙwallo ya kauce. Suka fita bayan gida. Renata ta riƙe waya, Quentin ya tsaya can jikin katanga, Dell ya yi goho.

"Ka jefa shi sama da kaina. Ko gefe. Ko'ina dai ban da hannuna."

Ƙwallon ya zo ya zauna a hannun Quentin kamar an ajiye shi.

"Haba tsoho. Karkace."

Ya sake. Hannu. Ya rufe ido ya sake. Hannu. Ya gwada da hannu ɗaya, ya gwada yana tari, ƙwallon nan ya ƙi jin magana. Kuma abin takaicin, duk lokacin da ya faɗa daidai sai ka ga wani ɗan murmushi ta tsakanin ƙafafun Dell.

"Dubi shi, daɗi yake ji," in ji Renata. "Ana neman ceton sa yana burga."

"Ba laifina ba ne. Hannun ne bai iya ba."

Renata ta miƙa wa Quentin wayar ya jingine ta a kan katanga, ta shiga kicin. Dell ya sake sunkuyawa, yana shirin cillawa ke nan ta zuba masa ƙanƙara cikin wando. Ƙwallon ya tashi sama, ya tsallake katanga, ya sauka a kan rufin motar maƙwabciya, motar ta kama kuka. Quentin ya faɗi ƙasa yana dariya. Aka yanke wurin ƙanƙarar, aka watsa sauran.

Dell ya kalli bidiyon sau ɗaya ya mayar da wayar. Shekara goma sha huɗu, ga abin da duniya za ta fara gani nasa.

Washegari da safe ya yi wa Baba Otto aski kamar kullum, ya zaunar da shi a kicin da kofinsa da rediyonsa, ya fita gareji inda Quentin ke jira cikin mota. Shirin wasanni na safe ake yi, wanda mutane ke bugo waya suna koya wa koci aikinsa. Quentin ya toshe hanci da yatsu biyu ya buga.

"Sunana Vern, daga tsallaken kogi. Ni dai maganar mai gohon nan da aka kora. Gaskiya an makara. Bayansa ya tafi, idonsa ya tafi, in ya sunkuya sai an zo da mutum biyu su miƙar da shi."

"Ka san shi ne, Vern?" in ji mai shirin.

"Ni na san bayansa sosai."

Dell ya kai masa duka a cinya. Amma wutar ta kama. Mutanen da jiya ba su san akwai wani Havlik a duniya ba, yau kowa masani ne. Wani ya ce shi tun bara ya lura ƙwallon yana rawa a iska. Wata ta ce ta gan shi a kanti yana jingina da keken sayayya. Wani ma cewa ya yi Dell ne ya jawo aka ci su a wasa na uku, wasan da aka ci su da tazarar maki talatin.

"Ka ji ƙarya," in ji Dell. "Yana rawa a iska? Ƙwallona?"

"Yi shiru, aiki na kyau."

Sai mai shirin ya ce, "Muna da Otto daga unguwar kudu. Otto, muna jin ka."

Su biyun suka kalli juna. Dell ya manta shaf cewa tashar da tsohon ke saurara ke nan kullum. Lambarta kuwa ya shekara talatin yana buga ta, tana cikin abubuwan da ba su zube ba.

"Ni ne uban yaron da kuke zagi."

Muryar ta fito tar, babu rawa, irin wadda Dell ya yi watanni bai ji ba.

"Wancan Vern ɗin, ban san uban da ya haife shi ba, amma maƙaryaci ne. Ni na koya wa yaron nan da hannuna. Tayar mota na rataya masa a bishiya, in na dawo daga mayanka ko wanka ban yi ba, ya yi ta cillawa har uwarsa ta kira mu cin abinci. Tun yana sakandare bai taɓa ba ni kunya ba. Ku da kuke magana, a cikinku wa ya taɓa yin aiki ɗaya shekara goma sha huɗu bai ɓata ba ko sau ɗaya? Ni ban yi ba. Na yanke yatsa, na ɓata nama. Shi bai ɓata ba." Ya tsaya ya yi numfashi. "In ƙungiyarmu ba ta san darajarsa ba, akwai masu hankali a ƙasar nan. Duk mai neman mutum na gari ya zo ya ɗauke shi yau. Ni ubansa na ce a zo."

Mai shirin ya ce wannan ita ce waya mafi daɗi da ya karɓa bana.

"Baba ya kashe mu," in ji Quentin a hankali.

Dell ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, shi kansa bai san dariya yake ko kuka ba. Daɗi ya kama shi, tsoro ya kama shi, duk a lokaci ɗaya. Kafin azahar muryar Baba Otto ta zaga ko'ina, ta bar bidiyon ƙanƙara can baya. Har wata jarida ta rubuta cewa ga ɗan wasan da Spokane ke bukata.

Da rana ta karkata suka zauna a kicin su uku suna gadin waya. Tsohon ya shiga ɗaki ya kwanta. Quentin kuwa sai cin kolace yake ba ji ba gani.

"In sun ɗaga hannu fa?" Renata ta tambaya.

"Ba zan je ba."

"Ka bar ƙwallo ke nan. A bana, da kuke cin wasa."

"Na sani."

"Ka zauna min a gida kana goho a falo."

"Zan riƙa cillo miki albasa daga bakin ƙofa."

Ta yi dariya, amma ta kamo hannunsa ta riƙe. Ya daɗe yana jiran shekara irin wannan, ta fi kowa sani, kuma ransa na ƙuna da tunanin ya kalli ƙarshenta a talabijin.

Wayar ta yi ƙara. Lindqvist ne. Dell ya buɗe muryar kowa ya ji.

"An rufe. Ba wanda ya ɗaga hannu. Gobe ka zo ka sa hannu, kuma na rantse ba zan sake korar ka ba sai na duba kalanda."

Renata ta saki guɗa. Quentin ya miƙe ya kama rawa da kwano a ka. Dell ya sauke wani dogon numfashi, ya ji kamar an ɗauke masa buhun siminti daga ƙirji. Yana nan. Gobe da jibi da gata yana nan. Har ya kai yatsa zai kashe wayar, sai ya tsaya.

"Oga. Ba wanda ya ɗaga, ka ce?"

"Babu."

"Ko ɗaya? Spokane fa?"

"Sun ɗauki wani yaro. Malamin motsa jiki ne a wata sakandare."

"Malamin makaranta." Dell ya gyara zama. "Bidiyonmu suka gani ke nan."

"Aikina ne," in ji Quentin, yana buga ƙirji.

Lindqvist mutum ne da bai iya ƙarya a inda ake bukatarta ba. "Na yi magana da manajansu ɗazu. Bai ga wani bidiyo ba. Rediyon ma bai ji ba. Ya ce ya ga sunanka, ya ga shekarunka, ya wuce."

Quentin ya sauke kwanon daga kansa.

"To," in ji Dell. "To, madalla. Sai goben."

Ya ajiye wayar. Abin da ya roƙa aka ba shi, ba ragi, kuma ya gode. Amma ya ji zafi, zafi sosai. Yini guda cur yana baje a gaban ƙasa gaba ɗaya, an sha wahalar ɓata shi, ashe ba mai kallo.

Ƙofar ɗakin ta buɗe. Guɗar ce ta tashi Baba Otto. Ya fito da silifas, gashi a hargitse, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Dell ya zaci maganar safe ta riga ta gudu daga kansa, kamar yadda komai ke gudu in yamma ta yi. Ashe wannan ta maƙale.

"Sun zo ɗaukar ka?"

"Sun zo, Baba."

"Su nawa?"

Renata ta kalli mijinta. Quentin ya kalli silin.

"Dukkansu, Baba. Na ce musu ina nan."

Tsohon ya gyaɗa kai, ko alamar mamaki babu a fuskarsa. Ya ja kujera ya zauna kusa da taga. Can sai ya ɗaure fuska.

"Ka ba su haƙuri dai?"

"Wa?"

"Mutanen. Sun nuna suna son ka, ka ƙi su. Ba a wulaƙanta mutane don ana rububin ka, ban koya maka haka ba. Ɗauki waya ka kira su."

"Baba, ai sun fahimta."

"Yanzu. Ina kallon ka."

Dell ya ɗauki wayar ya fita bayan gida, ya tsaya inda tsohon zai gan shi ta taga. Iska na kaɗa ganyen da bai gama sharewa ba. Ya kara wayar a kunne, ba kowa a cikinta, ya gyara murya.

"Spokane? Havlik ne. Na gode ƙwarai da kuka neme ni. Ku yi haƙuri, ba zan samu zuwa ba."

Ya waiwaya. Baba Otto ya ɗaga masa hannu daga bayan gilashi, alamar ya ci gaba, saura da yawa.